Maƙoƙo Mai Zafi Ga Mace Mai Juna Biyu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini fili a jaridar nan tamu, in yi magana da 'yan'uwana masu karatu, malaman makaranta da akawuna da malaman zaure, a kan wani ciwo na mata wanda ba a cika zancensa ba. Na nufo ku da maganar ne domin sau da yawa ku a kan miƙa wa takardar likita a ce ku karanta, ku ne kuma za ku fid da kuɗin mota da na magani. Wanda ya karanta kuwa, ina fata ya shiga cikin gida ya maimaita.

A gaban wuyan ko wane mutum, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wani ɗan nama mai fiffike biyu, siffarsa kamar malam-buɗe-littafi, nauyinsa wajen giram 20. Likitoci suna kiransa tayirod. Mu dai ba mu san da zamansa ba sai ran da ya kumbura, sa'an nan mu ce wance ta yi maƙoƙo. Aikinsa cikin jiki aikin mazugi ne a maƙera. Ya kan zuba wani sinadari cikin jini, wanda a ke rubutawa T4 a takardar gwaji, shi ne mai hura wutar jiki. In ya zuga daidai, zuciya ta buga daidai, abinci ya narke daidai. In ya yi sanyin hannu, mutum ya yi nauyi, ya riƙa jin ɗari da kasala. In kuwa ya matsa zuga ba hutawa, to, ƙarfen da ke cikin wuta shi zai ƙone.

Maƙoƙon da kakanninmu suka sani, mai girma kamar ƙwarya, yawancinsa na rashin aidin ne cikin abinci, ya kuwa ragu ƙwarai tun da aka wajabta sa aidin cikin gishiri a Nijeriya cikin 1993. Wanda ni ke magana a kansa dabam ne, shi ne na yawan zuga, shi ya sa na kira shi maƙoƙo mai zafi. A katin asibiti za ka ga an rubuta ciwon Graves, da sunan Likita Robert Graves na Dabilin, ƙasar Ailan, wanda ya bayyana shi cikin 1835. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma a shekarun haihuwarsu ya fi kama su. Cikin mata 1,000 masu ciki, kamar 2 su ke da shi.

Ga yadda ya ke faruwa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan nama kuma, shi ne mai ba da umurni. Ya kan aiko jakada ta cikin jini, sunansa TSH, ya ce wa tayirod ƙara ko rage. To, a ciwon Graves, wadansu daga cikin dogaran jini, wadanda aikinsu kama cuta ne, su kan ɓata, su yi shigar jakadan nan, su je su yi ta ba da umurnin ƙarya, kamar wanda ya saci hatimin sarki yana buga wa takardu. Mai umurnin gaskiya ya ga wuta ta yi yawa, ya janye jakadansa sarai, amma a banza, mazugi ba ya jin kowa sai masu hatimin sata. Don haka ne in an gwada jinin mai ciwon a kan tarar T4 ya hau, TSH kuwa ya faɗi har ba a ganinsa. Likitoci biyu na Niyu Zilan, Adams da Purves, su ne suka fara gano alamar dogaran nan a jinin marasa lafiya cikin 1956.

Wahalar gane shi ga mai ciki ita ce alamunsa sun yi kama da na cikin kansa. Wace mai ciki ce ba ta jin zafi, ba ta gumi, ba ta gajiya, zuciyarta ba ta ɗan sauri? Balle a ce lokacin bazara ne. Sai a ce ai laulayi ne, zai wuce. Amma mai lura zai ga bambanci. Mace tana ci kamar gara, ciki yana girma, ita kuwa tana ramewa. Tana kwance ba ta yi aikin kome ba, bugun zuciyarta ya haura 100 a minti guda, ko tana barci bai sauka ba. In ta miƙa hannu yatsunta suna karkarwa, tafinta da ɗumi da laima. Barci ya ƙaurace mata, abu kaɗan ta yi fushi ko ta fashe da kuka. Wata idanunta su kan firfito, ta zama kamar mai zare ido ko yaushe. Wadannan na ƙarshe su ke sa a ce iska ce ta taɓa ta, ko a ɗora wa kishiya, a yi wata uku ana turare ana tsarguwa da juna, alhali jini cikin ɗan kwalba ɗaya ya isa ya raba gardama. Ba na hana kowa roƙon Allah, amma a haɗa da gwajin.

Sai dai fa kama da wane ba ta wane. Akwai wani sinadari da ciki ya ke fitarwa, hCG, shi ne ma wanda a ke nema cikin fitsari in ana gwajin ciki. Ƙirarsa ta yi kusa da ta TSH, har in ya yi yawa ya kan zuga tayirod shi ma. Ya kan kai matuƙarsa wajen mako na 10, sa'an nan ya sauka. Mata 1 zuwa 3 cikin 100 su kan sami wannan, ya fi ga masu amai mai tsanani da masu cikin tagwaye, watau ya fi ciwon Graves yawa ninkin ba ninkin. Shi wannan ba ya bukatar maganin tayirod ko kaɗan. A tsai da aman, a ƙara mata ruwa in ta bushe, kafin mako na 18 ya kwanta da kansa. Likita ya kan raba su ta tambayar ko alamun sun riga cikin, ta duba wuya da idanu, ta gwada dogaran nan da a ke kira TRAb. Ba mai cikin da ta cancanci a ɗora mata maganin nan don TSH ɗinta ya faɗi kurum.

In kuwa Graves ne na gaske aka bar shi, abin ba wasa ba ne. Yana jawo ɓari, da haihuwar bakwaini, da jariri ɗan mitsitsi, da mutuwar ɗa a ciki. Ita uwar jininta ya kan hau har ya kai ga jijjiga, zuciya ta gaji, huhu ya cika da ruwa. Mafi muni shi ne abin da likitoci su ke kira guguwar tayirod, wadda naƙuda ko tiyata ko wata cuta su kan tayar: zazzaɓi mai tsanani, zuciya tana gudu, hankali ya gushe. Wannan tana kisa. Na fara da faɗin haka ne don abin da zan faɗa nan gaba game da magani kada ya firgita wani ya ce gara a bari.

Kafin 1943 babu ƙwayar da ke kashe wutar nan. A shekarar nan ne Likita Edwin Astwood na Bostan, ƙasar Amurka, ya nuna cewa akwai maganin sha mai hana tayirod ƙera sinadarinsa. Daga zuriyar maganin nan aka sami biyu da a ke aiki da su har yau. Na ɗaya sunansa ya yi tsawo, an taƙaita shi PTU, a kan sha shi sau 2 ko 3 a yini. Na biyu metimazol, da ɗan'uwansa karbimazol wanda in ya shiga jiki ya kan rikiɗa ya zama metimazol, a kan sha sau ɗaya a yini. Karbimazol shi aka fi sani a ƙasarmu da Ingila. Ga wanda ba shi da ciki shi ne zaɓi, ba gardama.

Ga mai ciki kuwa, gaba kura baya siyaki. Duka biyun suna ratsa mabiyiya su isa ga ɗan tayi, watau ƙwaya ɗaya mutum biyu ke sha. Cikin 1972 aka fara ba da labarin jarirai da aka haifa da wani ɗan wuri a tsakar ka wanda babu fata, iyayensu mata sun sha metimazol. Daga baya aka ga wadansu lahani da suka fi wannan nauyi: kafar hanci a toshe ta ciki, ko hanyar abinci ba ta sadu da tumbi ba, ko hanji ya fito ta cibiya. Sai aka koma ga PTU. Shi kuma sai aka tarar, ko da ya ke ba safai ba, ya kan lalata hantar mai shansa farat ɗaya, har hukumar magunguna ta Amurka ta buga masa gargaɗi mai ƙarfi cikin 2010. Cikin 2013 kuma likitocin Denmak suka ba da lissafin yara fiye da 800,000 da aka haifa a ƙasarsu. Cikin ko wane 1,000 da uwayensu ba su sha kome ba, 57 suna da wani lahani na halitta. Ga wadanda uwayensu suka sha PTU a farkon ciki, 80. Ga na metimazol ko karbimazol, 91. Ga wadanda uwayensu suka sha duka biyu, watau aka sauya musu bayan ciki ya riga ya shiga, 101.

Akawu ya dubi lissafin nan da kyau. Abu na farko, ko a layin da ya fi muni, yara kusan 900 cikin 1,000 lafiya lau aka haife su. Na biyu, PTU ma ba wankakke ba ne, sai dai lahaninsa ya fi sauƙi, yawanci ƙari a wuya ko gaban kunne, ko matsala a hanyar fitsari. Na uku, wanda ya fi damuna, sauyin da aka yi a makare bai tsirar da kome ba.

Dalili kuwa shi ne lokaci. Gaɓoɓin nan a kan ƙera su ne tsakanin mako na 6 da na 10, kuma likitoci suna fara ƙirga makonni daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Ashe mako na 6 shi ne mako biyu kacal bayan mace ta yi ɓatan wata. To, jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, a gidajenmu wa ke zancen ciki a lokacin nan? Amarya kunya ta hana ta faɗa wa kowa, wata ko mijinta sai ya gane da kansa. Babba kuma tana tsoron baki, ta ce sai ya yi ƙwari. Awo kuwa sai ciki ya fito, wata biyar ko shida. Ban ga laifin kunya ba, ado ce, kuma ga mace mai lafiya ba ni ne zan ce ta yi shela ba. Amma wadda ke shan karbimazol ba ta da wannan sarari. Ran da ta ga wata ya wuce ta, ran nan za ta gwada fitsari, in ya nuna, cikin kwana ɗaya ko biyu ta isa ga likitanta. Ba sai uwar miji ta sani ba, ba sai maƙwabta sun ji ba, likita kaɗai ya isa.

Abin da zai yi ya danganta ga halinta. In ƙwayar da ta ke sha kaɗan ce, ta daɗe tana sha, jininta kuma ya daidaita, yana iya tsai da maganin ɗungum ya riƙa gwada ta ko wane mako ɗaya ko biyu. In ciwon da sauran ƙarfi, sai ya mai da ta kan PTU har mako na 16, bisa ga shawarar ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta 2017. Ba a musanya su ƙwaya da ƙwaya, gama miligiram 5 na metimazol yana daidai da wajen 100 na PTU, saboda haka wannan ba aikin mai kantin magani ba ne. Bayan mako na 16, wadansu likitoci su kan komar da ita kan karbimazol don tausayin hanta, wadansu su kan bar ta inda ta ke. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne ta yar da maganin da kanta don ta ji an ce yana taɓa jariri, ta zauna gida shiru. Na sha ganin haka, ban kuwa taɓa ganin ya ƙare da daɗi ba.

Mafi kyau duka, ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ta san tana da ciwon, ta zauna da mijinta da likita tun kafin ciki, a daidaita jinin tukuna, in za a sauya magani a sauya tun da wuri. Hukumar magunguna ta Ingila ma cikin 2019 ta ce macen da ke shan karbimazol ta ɗauki hanyar jinkirta ciki muddin tana shansa. Wata kuma a kan ba ta shawara a gama da ciwon gaba ɗaya kafin ta sake haihuwa, ko da tiyata, ko da aidin mai ƙarfin nukiliya wanda a kan sha ya je ya ƙone tayirod daga ciki. Shi wannan tun 1941 a ke aiki da shi, amma haramun ne ga mai ciki da mai shayarwa, domin daga wajen mako na 10 zuwa 12 tayirod ɗin ɗan tayi ya fara jan aidin, zai ƙone tare da na uwar. Wadda ta sha shi sai ta jira wata 6 kafin ta ɗauki ciki. Tiyata kuwa in ta zama tilas da ciki, a watanni uku na tsakiya a ke yi.

Akwai wani abu kuma da ya kan ruɗa masu ilmi, su ma fiye da wadanda ba su yi karatu ba. Miji ya karɓo takardar gwaji, ya ga T4 yana can bakin iyaka ta sama ko ya ɗan haura, TSH kuwa har yanzu a ƙasa, ga alama an buga a gefensa, sai kuma ya ji likita ya ce a rage magani. Ya ce wannan likita bai san aikinsa ba, ya tafi neman wani. A'a, da gangan ya yi. Tayirod ɗin ɗan tayi ya fi na uwar jin magani. Ƙwayar da za ta sauko da uwa tsakiyar ma'auni, ita ce za ta danne na ɗan har ya gaza, ya yi maƙoƙo tun yana ciki, wani har wuyan ya hana shi sunkuyar da kai wajen fita, ko ya matse masa numfashi. Ƙwaƙwalwarsa kuma da sinadarin nan ta ke girma. Saboda haka a kan bar uwa da ɗan sauran zafi, a ba ta mafi ƙanƙantar abin da zai riƙe ta, kada garin neman gira a rasa ido. Don haka ne kuma a ke gwada jini ko wane mako 2 zuwa 4 da fari, in ya daidaita a koma mako 4 zuwa 6. Na san gwajin da tsada, ga nisa ga wanda ke ƙauye. Amma in kuɗi sun gaza, gara a rage ragon suna da a rage wannan.

Ciki kuma yana da nasa taimako. Jikin mai ciki ya kan sassauta dogaransa don kada su far wa ɗan, sai masu hatimin satan nan su ma su yi laushi. Da yawa a kan yi ta rage musu magani yayin da ciki ya tsufa, kamar 2 ko 3 cikin 10 har a kan tsai da shi sarai a watannin ƙarshe. In bugun zuciya ya dame ta da fari, akwai furofaranolol da a kan ba ta na 'yan makonni kurum, domin in an daɗe ana sha yana tauye girman ɗan.

Alamu biyu ina so ko wane mai gida ya haddace. In mai shan ɗayan magungunan nan ta yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, kada a ce na sauro ne a sayo mata ƙwaya a kanti. Ta dakata da maganin, a kai ta a ƙirga fararen ƙwayoyin jininta a ran nan, gama ga mutum ƙalilan maganin ya kan share su, ya bar jiki ba mai tsaro. In kuma idonta ya yi rawaya kamar mai shawara, fitsari ya yi duhu, ga ƙaiƙayi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, hanta ce, ba a kwana da wannan a gida.

Su dogaran nan ma suna ratsa mabiyiya, su zuga tayirod ɗin ɗan kamar yadda suka zuga na uwa. Shi ya sa a ke auna TRAb a farkon ciki, a sake tsakanin mako na 18 da 22, in ya ninka iyaka sau 3 a riƙa bin ɗan da hoton ciki, ana sauraron zuciyarsa. Daidai ita ce 110 zuwa 160 a minti, in ta zauna sama da 170 akwai magana. A lura fa, macen da aka cire wa tayirod shekarun baya, ko aka ƙone shi, tana ganin ta rabu da ciwon, dogaran suna iya kasancewa cikin jininta har yanzu. Ita ba abin da za su zuga a jikinta, amma ɗanta yana da shi. Lalle ta faɗa wa ma'aikatan awo tarihin nan ko ba su tambaya ba.

Bayan haihuwa ciwon ya kan komo, sau da yawa da ƙarfi, cikin shekarar farko, don haka ba a sallami likita ran da aka sallami ungozoma ba. Shayarwa ba ta hana magani, magani kuma bai hana shayarwa ba. Har miligiram 20 na metimazol a yini, ko 450 na PTU, an yarda mai jego ta sha ta ba da nono, ta riƙa sha bayan ɗan ya gama tsotso. Zancen wankan jego da gashi da kunun kanwa, tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna yadda su ke ɗora wa zuciyar mai jego kaya. Zuciyar da ta yi wata tara tana gudu ba ita ce za a ƙara wa wannan ba, sai a roƙi tsofaffi su sassauta mata.

Shi jaririn kuma a sa masa ido. Kamar 1 zuwa 5 cikin 100 na 'ya'yan masu ciwon Graves su kan sami zafin nan bayan haihuwa, kuma ba lalle ya nuna a ranar farko ba, domin maganin uwa yana cikin jininsa yana danne shi. Magani ya kan fita cikin 'yan kwanaki, dogaran kuwa su yi wata ɗaya zuwa uku, sai abin ya tashi daidai lokacin da gida ya cika da 'yan suna, kowa yana hidimar tuwo. Jaririn da ke tsotso ba ƙoshi amma ba ya ƙara nauyi, ba ya barci, yana zabura, yana gumi, numfashinsa da sauri, a mai da shi asibiti, a ce uwarsa tana da ciwon Graves. Likitoci su kan so su gwada jininsa tsakanin kwana 3 da 5, su sake tsakanin kwana 10 da 14, sai a nemi a rubuta ranakun nan a katin tun kafin a baro ɗakin haihuwa.